Garkuwar da ke cikin iri: yadda dawa da alkama ke kare kansu daga funfuna

A ƙarshen damina, lokacin da dawa ke nuna a gonakin Wad Haddad, wata ɗaliba a ajin da nake koyar da kimiyya ta zo makaranta da zangarniya biyu a jakarta. Ɗaya cike take da tsaba mai kyau. Ɗayar kuwa, da ta murza ta a tafin hannu, sai baƙin gari ya zubo kamar na gawayi. Duk ɗan manomi a ajin ya gane ta: burtuntuna ce. Ta ce duka biyun daga hawashar babanta suka fito, ruwan magudana ɗaya suka sha, taki ɗaya aka zuba musu. Bambancinsu kawai shi ne ɗaya irin gida ne da kakarta ke ajiyewa, ɗayan kuma a kasuwa aka sayo shi. Sai ta ce: "Malam, me ya sa cutar ta kama wannan ta bar wancan?"

Na ce mata abu biyu ne ke iya jawo haka. Na farko, wannan nau'in burtuntuna a jikin iri take tafiya, don haka mai yiwuwa irin kasuwar ya zo da ƙurarta tun daga masussuka. Na biyu, ko da an shafa wa iri biyun ƙurar daidai wa daida, akwai dawar da cutar ba ta iya kama ta, saboda wani abu da ta gada daga iyayenta. Wannan na biyun shi ne za mu duba a nan, domin a kansa abincin miliyoyin mutane ya dogara, daga Jazira har Maraɗi da Kano.

Wad Haddad tana kudancin Jazira, a kan hanyar Wad Madani zuwa Sinnar. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, wannan ƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan filayen noman ban-ruwa na duniya, fili da ya haura fadan miliyan 2 idan aka haɗa da Manaƙil. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafa garin Mai Wurno, da yawansu a waɗannan gonaki suka yi aiki har suka zauna. Da damina ana noma auduga da dawa da gyaɗa, da sanyi kuma a shuka alkama a Nuwamba a girbe ta wajen Maris. Fili mai faɗin haka, da iri kusan ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, shimfiɗaɗɗen abinci ne ga duk cutar da iska ta kawo. Kuma duk wanda ya tuna cewa tashin farashin burodi ne ya fito da mutanen Atbara kan titi a Disambar 2018 ya san cutar alkama ba ta tsayawa a gona.

Yadda funfuna ke shiga shuka

Burtuntuna da tsatsar alkama dangi ɗaya ne da funfunar da ke fitowa a jikin burodin da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha danshi. Ba su iya haɗa abincinsu da hasken rana, sai dai su ci na wani. Wadda masana suka fi nazari a kanta ita ce tsatsar karan alkama, don haka da ita za mu fi kafa misali.

Jikin shuka gini ne na ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira tantanin halitta. A nan za mu riƙa ce musu ɗakuna. Idan ƙurar tsatsa guda ta sauka a kan ganye ko kara, ta samu raɓa ta wasu sa'o'i da dare, sai ta fitar da siririn zare, ya lalubi ƙofofin da ganye ke numfashi ta cikinsu, ya kutsa. Daga nan sai ta tura wani ɗan baki mai tsotsa cikin ɗaki, tana shan abincinsa ba tare da ta kashe shi ba, kamar yadda kaska ke yi wa saniya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai fatar karan ta tsage, jan gari mai kama da tsatsar ƙarfe ya fito. Ƙurji ɗaya na iya sakin dubban ƙura a kullum, iska kuma ta kwashe su zuwa gonar maƙwabci, ko ta tsallaka da su teku. Abincin da ya kamata ya tafi zangarniya ya ƙare a hanya, tsaba ta ƙanƙance, kara ya yi rauni ya kwanta.

Shuka ba ta da ƙafar gudu, ba ta kuma da jinin da ke ɗauke da sojojin garkuwa kamar na ɗan Adam. Kowane ɗaki shi ke tsare kansa, da umarnin da aka rubuta masa tun a cikin iri. Wannan kundin umarni shi ne DNA, kuma kowane babi a cikinsa shi ake kira ƙwayar gado. Yawancin babukan suna bayanin yadda za a haɗa wani furotin ne, wato ƙaramin ma'aikacin da ke yin aiki guda a cikin ɗaki. Ɗan Adam na da irin waɗannan babuka wajen 20,000. Alkama, wadda aka kammala karanta kundinta a 2018, tana da fiye da 100,000.

Katanga da masu gadin ƙofa

Kariya ta farko katanga ce. Farin kakin da ke manne wa hannu idan ka shafa karan dawa yana hana ruwa zama, yawancin ƙurar funfuna kuma ba ta tsirowa sai da ruwa. A itatuwa ɓawo ne katanga. Idan aka tsaga jikin ɗakwara, wadda Larabawan Sudan ke kira hashab, ƙaron da ke tsattsafowa toshe rauni yake yi. Abin da ƙasar nan ke sayar wa duniya a matsayin ƙaro, a wurin itacen magani ne na rufe ciwo.

Idan funfuna ta wuce katanga, sai ta gamu da masu gadin ƙofa. Fatar funfuna an yi ta ne da wani sinadari mai suna kaitin, irin wanda ke jikin ɓawon fara da buzuzu. Shuka ba ta da shi ko kaɗan a jikinta, saboda haka ɓurɓushinsa alama ce ta baƙo. A bangon kowane ɗaki akwai furotin da aikinsu ke nan, su ji taɓin kaitin. Da zarar sun ji, cikin mintoci sai ɗakin ya tashi tsaye: kalsiyam ya kwararo ciki a matsayin ƙararrawa, a fesa wa baƙon wani sinadari mai ƙuna, dangin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, a ƙara wa bango kauri a daidai inda ake huda shi, a kuma buɗe babukan da ke haɗa furotin masu narkar da kaitin.

Dawa na da wani makami nata da kowa ya taɓa gani da idonsa. Jan tabon da ke fitowa a ganye a inda cuta ko ƙwaro ya taɓa, launin wasu sinadarai ne masu guba ga funfuna, waɗanda ɗakunan da ke wurin ke haɗawa nan take. Ralph Nicholson da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka nuna haka a ƙarshen shekarun 1980. Irin wannan sinadari ne ya cika jikin karan dafi, dawar nan da dukawa ke rina jar fata da ita tun kaka da kakanni. Ashe launin jar jakar fata daga rumbun makaman dawa ya fito.

Mai gadin cikin gida

Funfunar da ta ƙware a kan wata shuka ta san da waɗannan masu gadi. Ta bakin nan mai tsotsa take tura ɗaruruwan ƙananan furotin nata, mu kira su ƴan aike, su shiga ɗakin su kashe ƙararrawa, su karkato da abinci wajenta. Idan sun yi nasara, shukar ta kamu.

A nan ne kariya ta biyu ke shigowa. A cikin ɗakin akwai wasu furotin da masana ke kira NLR, kuma alkama na da babukan haɗa su fiye da 2,000. Kowannensu kamar mai gadi ne da aka ba hoton ɓarawo guda. Ba ruwansa da kowa sai mai wannan fuska. Idan ɗan aiken da ya dace da hotonsa ya shigo, sai mai gadin ya yanke hukunci mai tsanani: ɗakin ya kashe kansa. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san dabarar, akan rushe rumfa ɗaya ko biyu don kada wuta ta samu abin kamawa ta tsallaka. Da yake tsatsa ba ta rayuwa sai a jikin ɗaki mai rai, sai ta mutu da yunwa a inda ta shiga. Abin da manomi zai gani, in ma ya lura, ɗan busasshen ɗigo ne a ganye.

A 2022 masana a Jamus da China sun ɗauki hoton yadda hakan ke faruwa a wani mai gadin alkama mai suna Sr35. Da ya kama ɗan aiken tsatsa, sai guda biyar irinsa su haɗu su yi zobe, su huda fatar ɗakin, kalsiyam ya malalo ciki har ɗakin ya mutu.

Tun kafin a iya ganin waɗannan abubuwa, wani masani mai suna Harold Flor ya gano ƙa'idarsu a jihar Dakota ta Arewa a shekarun 1940, yana aiki a kan tsatsar shukar da ake saƙa yadin lilin da ita. Ya lura cewa kowace ƙwayar gadon kariya da ke cikin shuka tana da abokiyar gaba guda a cikin funfuna. Sai biyun sun haɗu kariya ke aiki. Idan shuka ba ta da mai gadin, ko funfunar ba ta ɗauke da ɗan aiken da aka san fuskarsa, cuta ta shiga. Amsar tambayar ɗalibata ta biyu ke nan: dawa biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na da mai gadin da ya san fuskar cutar, ɗayar ba ta da shi.

Me ya sa garkuwa ke karyewa?

Raunin wannan tsari a fili yake. Mai gadin fuska ɗaya ya sani, ɓarawo kuma na iya canja kama. A cikin biliyoyin ƙurar da gona ɗaya ke fitarwa, ba a rasa wadda aka samu ɗan kuskure wajen kwafar kundinta, ɗan aikenta ya sauya siffa ko ya ɓace. A gonar da kowace shuka ke da mai gadi iri ɗaya, wannan ƙura guda ita kaɗai ke da abinci, kuma babu mai yi mata gasa. Cikin ƴan shekaru sai zuriyarta ta mamaye ƙasa.

Haka ta faru da Sr31, ƙwayar gadon da aka ɗauko daga wani hatsin ƙasashen sanyi, ɗan'uwan alkama. Cibiyar CIMMYT da ke Meksiko ta yaɗa irin alkamar da ke ɗauke da ita a Afirka da Asiya, kuma ta tsare gonaki kusan shekara 30, har wasu suka ɗauka an gama da tsatsar kara. A 1998 wani masanin Uganda, William Wagoire, ya ga tsatsa a jikin alkamar da bai kamata ta kamu ba. A 1999 aka tabbatar sabon nau'i ne, aka sa masa suna Ug99. Ya bayyana a Kenya a 2001, a Habasha a 2003, a Sabuwar Halfa da ke gabashin Sudan da kuma Yemen a 2006, a Iran a 2007, a Masar a 2014. Gwaje-gwajen farko sun nuna kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ire-iren alkamar duniya ba su da kariya daga gare shi. Norman Borlaug, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970 saboda aikinsa a kan alkama, shi ne ya yi shelar haɗarin a 2005 yana da shekara fiye da 90. Tun daga lokacin ƙasashe ke aika irinsu tashar Njoro a Kenya don a gwada shi a gaban cutar.

A tsakiyar Jazira bushewar iska kan rage wa tsatsa ƙarfi a yawancin shekaru, zafi ne babban abokin gaban alkama a nan. Amma abin da ya samu maƙwabta ya isa jan kunne. A 2010 tsatsa mai launin rawaya ta lalata alkamar Kubsa a Habasha, sai manoma suka koma wa wani iri mai suna Digalu wanda ya tsira. Kariyar Digalu daga tsatsar kara a kan ƙwayar gado guda ta rataya. A ƙarshen 2013 wani nau'in tsatsa da wannan mai gadi bai san fuskarsa ba ya sauka a yankin Bale, wasu gonakin ba a girbi komai a cikinsu ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Itacen da ba ya iya canja iri

Manomin alkama na iya sauya iri a shekara mai zuwa. Itace kuwa da abin da aka haife shi da shi zai tsaya har tsufa, shi ya sa labarin itacen fayin ya fi kowanne fito da matsalar fili. Shi ne wanda ake kira pin da Faransanci, sanaubar da Larabci, mai ganye kamar allura. A ƙasar Hausa da kewayenta ana ganin dashensa a dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma tudun Jos. Katangarsa wani danƙo ne mai ƙamshi da ke cikin ƙananan bututu a jikinsa, wanda ke malalowa ya rufe rauni, ya kuma hana funfuna da ƙwari sakat.

Wajen shekarar 1900 wata tsatsa ta shiga Amurka ta Arewa a jikin dashen da aka kawo daga Turai. Tana shiga ta ganye, ta gangara reshe, ta zagaye gangar jikin itacen ta shaƙe shi. Da yake sai ta ratsa ta jikin wani ƙaramin tsiron daji kafin ta koma kan fayin, hukumomi sun shafe shekaru da dama suna tumɓuke wannan tsiro, har suka haƙura a shekarun 1960. A 1970 Bohun Kinloch ya gano cewa a cikin wani nau'in fayin na Kalifoniya, wanda ya fi kowane fayin tsawo kuma yake rayuwa ɗaruruwan shekaru, akwai ƴan tsirarun itatuwa masu ƙwayar gado guda, wadda daga baya aka kira Cr1. Aikinta daidai da na mai gadin alkama: ɗakunan da ke kewaye da cutar su mutu, ta tsaya a ganye. Masu kula da daji suka shiga tattara ƴaƴan waɗannan itatuwa suna dasawa. Zuwa farkon shekarun 1980 an tabbatar da nau'in tsatsar da ya karya Cr1 a wani wuri mai suna Happy Camp a arewacin Kalifoniya. Haka ta faru da Cr2 a jihar Oregon. Wannan itace DNA ɗinsa ya kai harafi biliyan 31, ninki goma na ɗan Adam, amma funfunar da ke sabunta zuriya kowace shekara ta sha gabansa. Yau masu dashen suna neman itatuwan da suka haɗa mai gadin nan da wata kariya ta daban, mai jan ƙafar cuta.

Garkuwar da ke daɗewa

Wannan kariya ta daban akwai ta a alkama ma. Ƙwayar gadon Lr34, wadda aka gano ainihinta a 2009, ba ta neman fuskar kowa. Furotin ɗinta wata ƙofa ce a fatar ɗaki da ke fitar da sinadarai, kuma sakamakon aikinta shi ne gidan ya zama wurin da funfuna ba ta jin daɗin zama. Tsatsa na kamawa, amma a hankali, ƙurajen kaɗan ne kuma ƙanana, har alkama ta nuna kafin ɓarna ta yi yawa. Tana aiki a kan tsatsa iri uku da farar funfunar ganye, kuma an shafe kusan ƙarni ana noma ire-iren da ke ɗauke da ita ba a ga ta karye ba. Haka Sr2, wadda Edgar McFadden ya ɗauko daga wata tsohuwar alkama a shekarun 1920, har yau tana da amfani, ko a gaban Ug99. Kowace ɗaya ita kaɗai ba ta isa ba. Amma masanan CIMMYT sun nuna cewa idan aka tara huɗu ko biyar a iri ɗaya, kariyar kan yi kusa da cikakkiya, kuma funfuna ba ta da fuska guda da za ta sauya ta kuɓuta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Jazira ta koyi wannan darasi da wuri, a kan auduga. A farkon shekarun 1930 cutar baƙin reshe da ta naɗewar ganye sun durƙusar da noman auduga har aka ji tsoron shirin ban-ruwan zai rushe. Baƙin reshe ta bakteriya ce, amma ƙa'idar kariyar ɗaya ce. Aka kafa dokar tumɓuke karan auduga a ƙone bayan girbi. A tashar Shambat kuma R. L. Knight ya shafe shekaru yana zaƙulo ƙwayoyin gadon kariya, waɗanda ya laƙaba wa B1, B2, B3 da sauransu, daga audugogin ƙasashe daban-daban, yana aurar da su ga audugar Sakel mai dogon zare, yana haɗa fiye da ɗaya a iri guda. Audugar Albar, da ta yaɗu a Sudan da gabashin Afirka saboda jure wannan cuta, daga audugar Allen da ake nomawa a arewacin Najeriya aka zaɓo ta. Wato ba mutane kaɗai suka taso daga ƙasar Hausa suka amfani Sudan ba.

Rumbun da ke Wad Madani

Duk waɗannan labarai abu ɗaya suke nunawa: masani ba ya ƙirƙirar mai gadi, nemo shi yake yi. Inda yake samunsa kuwa shi ne tsofaffin ire-iren manoma da dangin hatsi na daji. Sudan na cikin wuraren da aka fara noman dawa a duniya, don haka tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikin ire-irenta. Dawar feterita da aka kai Amurka daga Sudan a farkon ƙarni na 20, masana can sun tarar tana jure burtuntuna, suka riƙa amfani da ita a matsayin uwa wajen haɗa sabon iri. A 2022 Tesfaye Mengiste, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue, da abokan aikinsa sun gano wani mai gadi na NLR da suka kira ARG1 a cikin wata tsohuwar dawar Afirka, wanda ke kare ta daga cutar tabon ganye da wasu funfunoni.

Saboda irin wannan nema ne Hukumar Binciken Aikin Gona ta Sudan ta kafa rumbun adana iri a Wad Madani, inda aka tara samfuri fiye da 15,000 a cikin firji, na dawa da gero da riɗi da kankana da kuɓewa da sauransu, waɗanda aka karɓo daga hannun manoma ƙauye-ƙauye. Bayan dakarun RSF sun kama birnin a Disambar 2023, an wawashe wurin, an kwashe firji, iri ya zube ba sanyi. Sojoji sun karɓe birnin a Janairun 2025. A Fabrairun wannan shekarar ma'aikatan rumbun, da taimakon abokan hulɗa na waje, sun kai samfuran amfanin gona iri 15 babban rumbun duniya na Svalbard, wanda aka haƙa cikin dutsen ƙanƙara a arewacin Norway. Abin da ya tsira ya tsira. Samfurin da ya mutu kuma babu kwafinsa a wani wuri, ya tafi da masu gadin da ke cikinsa, waɗanda wataƙila ba a taɓa gwada su ba. Masu karatu a Nijar da Najeriya su sani rumbun ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai da tarin iri na cibiyar Samaru a Zariya irin wannan amana suke riƙe da ita.

Abin da ke hannun manomi

Bayan yaƙi da gudun hijira, gidaje da yawa a Jazira sun rasa irinsu, suna shuka abin da suka samu a kasuwa ko wanda ƙungiyoyin agaji suka raba. Ingantaccen iri alheri ne, yakan ninka amfani. Haɗarin yana wajen kowa ya koma iri guda, a manta da na gida.

Kada a cika hawasha da iri ɗaya idan akwai halin shuka biyu ko uku. A lardin Yunnan na China, a 1998 da 1999, manoma sun shuka shinkafar da cuta ke kamawa layi-layi a tsakanin wadda ba ta kamawa. Cutar funfunar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a jikin mai raunin, amfaninta kuma ya ƙaru da kashi 89. Kakanninmu da ke cakuɗa dawa iri-iri a gona ɗaya irin wannan suke yi. A ci gaba da ware wa irin gida ko da kunya biyar ne a gefen gona, a riƙe sunansa da inda ya fito. Burtuntunar da ke bin iri kuwa maganinta mai sauƙi ne: a gauraya iri da hodar maganin iri kafin shuka, a cire zangarniyar da ta kamu kafin sussuka a ƙone ta ko a binne, kada a ɗebi iri daga gonar da cutar ta yi yawa. A tumɓuke gyauron alkama da ke fitowa a bakin magudana bayan girbi, domin a jikinsa tsatsa ke samun mafaka. Kuma duk wanda ya ga jan gari a jikin alkamar da aka ce masa ba ta kamuwa, ya gaggauta nuna wa malamin gona. Da irin wannan lura aka gano Ug99.

Ita kuwa ɗalibata, mun yi shawara da ajin cewa damina mai zuwa za mu gwada amsar da kanmu a lambun makaranta. Za mu ɗebi irin kakarta da na kasuwa, mu raba kowanne gida biyu, mu shafa wa rabi baƙin garin da ta kawo, mu bar rabi haka nan, mu shuka layi huɗu mu ƙirga zangarniyar da ta kamu. Garin yana nan a ƙulle cikin kwalba a ofishina. Kakar ta aiko da iri cikin ƙullin tsumma, tare da saƙon cewa rance ne, in an girbe a mayar mata da mudu guda.